Ragon Baleyara

Ƙarfe goma na safe muka shiga rumfar gasar a Baleyara, ni da ɗan ƙanwata da samarin fadarmu ta hira a Filinge, sai direban da ya kawo mu. Lokacin soja ke riƙe da mulki, amma mu abin da ya dame mu rago ne. An ɗaure shi a bakin rumfa, fari mai ƙaho, kyautar wanda ya ci wasan ƙarshe na ƙwallon telebijin.

Zan faɗi abin bi da bi. Da farko, ɗan ƙanwata ya fi kowa iya riƙe maneti, abin da ake dannawa a juya 'yan wasan cikin telebijin, a ƙasarmu ta Kurfai. Na biyu, samarin da suka shirya gasar sun ɗora ta a kan ranakun kasuwa, don ranar ne ake samun mota da jama'a. Ga shi a ƙasarmu kasuwa ba ta hutu: ta tashi a Tabla, ta ci a Damana. Kuma damina ce. Da asuba yana gona yana noman hatsi, da hantsi yana bayan mota, da yamma yana gaban telebijin. Babban yatsansa ya kumbura kamar gwaza.

A hanya na ce masa, "Kai, idonka ya yi ja."

Ya ce, "Kawu, in na ci ragon ga, ni kwana har Layya."

Aka tada gurup, injin ba da wuta, telebijin ya kama. Abokin karawarsa ɗan Damana ne. Namu ya fara jefa ƙwallo a raga, muka yi tsalle har na yar da hulata, ni da ba na rawa ko a biki. Bayan hutun rabin lokaci sai muka ga ɗan wasan ɗan ƙanwata ya ɗauki ƙwallo ya nufi gidanmu. Samari suka hau tafi.

"Sabuwar dabara ce," in ji direba. "Ku ƙyale shi, jan su yake."

Ɗan wasan ya wuce golanmu, ya shige raga da ƙwallon. Na leƙa fuskar ɗan ƙanwata. Yana zaune daram, yatsa a kan maneti, yana minshari.

Ɗan Damana ya ce, "Baba, in tashe shi ko in ci gaba?"

Na ce ya ci gaba, doka doka ce. Ya ƙara biyu.

Mota ɗaya ta kwaso mu da ɗan Damana da ragon da ya ci, don Damana a hanyarmu take. Muna dariya har hawaye, ragon yana cin gefen rigar gwaninmu, shi kuwa yana barci a kan buhunan hatsi. Bai sake taɓa maneti ba sai bayan farar hula sun dawo mulki.

Kai mai karatu, in aka ba ka tsara gasa, ka bar wa 'yan wasa ranar da za su kwanta, ko da kasuwa tana ci.