Jan Zaren Mama Rhoda

Duk Asabar, da rana ta fara zafi, Mama Rhoda kan jawo akwatunan ƙarfe uku daga bayan majami'armu ta Makera, ta shanya abin da ke ciki. Rawanin sarki na nan kusa da tsumman mahaukaci, kakin ɗan sanda na lilo a igiya, ƙamshin kafur ya cika harabar. Ta duba hammatar riguna, ta ja maɓalli ta ji ko zai cire, sannan ta hura gawayin dutsen guga. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana yi wa ƙungiyar wasan kwaikwayo wannan aiki, tun tana ma'aikaciyar masaƙa a Kakuri. Masu wasa su sha tafi, ita tana bayan labule da allura a baki.

Wasu kayan gwanjo ne, amma mafi kyawunsu daga gidajen makoki suka fito. Idan aka zo rabon kayan mamaci, sai ka ga Mama ta durƙusa ta roƙi riga ɗaya. Kuma ba a hana ta, domin kowa ya san alkawarinta: rigar mamaci ba za ta hau jikin ɓarawo ko mashayi a wasa ba. Tana ɗinka jan zare a cikin wuyan kowace irin wannan riga. Sunayen masu su kuwa a kanta suke, ba ta taɓa rubutawa ba.

Ranar bikin godiya na bara ne muka ga iyakar abin. Ernest, malamin makaranta da ya zo daga Filato bai daɗe ba, shi zai fito a mashayin da ke birgima a kwata. Bawan Allah ya buɗe akwati, ya zaɓi rigar da ta fi masa kyau, shuɗiya mai aiki a ƙirji. Jan zaren da ya gani ya ɗauka ado ne. Rigar marigayi Baba Jethro ce, direban tankar mai a Rido, mutumin da ko burukutu bai taɓa sunsuna ba. Matarsa Mama Miriam tana benci na gaba, wata huɗu da binne shi.

An riga an buga ganga, Ernest ya ɗaga ƙafa zai fita, Mama Rhoda ta cafke shi ta baya.

“Ɗana, tuɓe.”

“Haba Mama, an fa fara! Fasto na jira.”

“Fasto ya jira. Matar mai rigar nan tana kallo.”

Babu wata rigar da ta kai tsawon Ernest. Deborah, mataimakiyar Mama Rhoda, ta ce da idonta ta ga Mama ta kwance zanenta na sama, sabo fil, ta tsaga shi a tsakiya da haƙori, ta zura masa a wuya, ta kama gefe da gefe da allura. A cikinsa ya yi birgimar, jama'a na ta dariya. Shuɗiyar rigar kuma Filibus ya sa, wanda ya fito a dattijon da ya ɗaga mashayin ya kai shi gida.

Da aka tashi, Mama Miriam ta zo bayan labule, ta kama hannun rigar ta riƙe. “Haka maigidana yake tafiya a cikinta,” in ji ta. Ni da nake tsaye a wurin, sai da na juya baya na share ido.

Mama Rhoda, ke ce mai riƙon amanar waɗanda ba za su iya tashi su yi magana ba. Har yau abin yana ba ni mamaki, kuma ina faɗa a fili: ban taɓa ganin mai tsare mutuncin mutane kamarki ba. Mun gode. Matasa, ga aikin da babu tafi a cikinsa, wani ya zo ya koya.

Yanzu idon Mama Rhoda ya yi rauni, zare ya daina shiga allura. Lahadin da ta wuce ta miƙa wa Deborah makullan akwatunan, tare da ƙunshin zannuwanta guda biyu, ta ce a haɗa da kayan wasa. Deborah ta lalubo jan zare za ta ajiye kusa da su.

“Mayar da shi,” in ji Mama. “Nawa kada ki sa musu. Mashayin ma ai sai ya sa riga.”