Mai Baƙi ta Inna

A bakin ƙofar gidanmu na unguwar Miskine akwai wata 'yar bishiya da ba ta wuce kafaɗata ba, ganyenta kaushi, furenta ƙanana, ja da rawaya a dunƙule ɗaya. Masu sayar da furanni a cikin gari lantana suke ce mata. Inna ba ta taɓa karɓar wannan suna ba. Ta ce Lantana sunan mutum ne, ba za ta tsaya a ƙofar gida tana cewa a yi wa Lantana aski ba. Ita Mai Baƙi ta raɗa mata, saboda da hantsi ya yi za ka ga malam-buɗe-littafi sun yi mata caa, farare da baƙaƙe da masu ruwan bula, wannan na tashi wannan na sauka.

A gidanmu sunan ya wuce bishiyar. Idan ƙanwata ta cika ɗaki da ƙawaye sai Inna ta ce yau kuma Mai Baƙi ta yi fure. Ni dai ba na shiri da ita. Ni ke yi mata aski, tana da 'yan ƙayoyi masu kartar hannu, ga warin ganyen ba ya fita da sabulu ɗaya.

Sunan yana tafe da doka. Ba a kama malam-buɗe-littafi a kanta, domin a cewar Inna baƙonka annabinka, kuma ba a damƙe baƙo a gidan mai masaukinsa. Wanda dokar ta fi ƙuntata wa shi ne maƙwabcinmu, wani dattijo Kirista da muke kira Baba mai hoto. Sana'arsa haɗa hotuna da fukafukan malam-buɗe-littafi, ya yanka ya liƙa, sai ga mace ɗauke da tulu ko masunci a kwalekwale. Ga kayan aikinsa na yawo a gaban idonsa, amma Inna ta ce sai dai ya tsinci waɗanda suka mutu suka faɗi. Yakan zo da safe da 'yar kwalinsa ya durƙusa yana dubawa, yana mita da Sango, yaren ƙasar, cewa baƙin Mama, wato Inna, sun cika tsawon rai. Hausarsa duka ba ta wuce sannu da sunan bishiyar nan ba.

Da rikici ya ɓarke a ƙarshen 2013 muka baro Miskine da abin da hannu ya iya ɗauka, muka shigo Kilomita Biyar, unguwar da Musulmi suka fi yawa. Wani ɗan'uwan marigayi babanmu ya ba mu ɗaki a bayan shagonsa kusa da kasuwa. Daga baya muka ji an kwashe kwanon gidanmu da ƙofofinsa.

Inna ba ta yi kuka ba, shiru ta yi. Matar da ba ta iya dafa tuwon mutum biyu sai ta ƙara na wanda zai iya shigowa, ta koma ba ta kusantar murhu. Takan zauna ta fuskanci bango. Loma biyu ta ce ta ƙoshi, har zanenta ya fara zagaye ta ya yi saura. Na kawo magani, na kawo rubutu, ba abin da ya canza. Na ji tsoro ƙwarai, don na ga muna iya tsira daga bindiga mu rasa ta a kan tabarma.

Wata ranar damina ina shago ina gyaran waya, wani daga cikin samarin da ke gadin mashigar unguwa ya zo. A lokacin wanda ba Musulmi ba ba ya shigowa haka nan, kamar yadda mu ma ba ma fita.

Ya ce, “Mun tare wani tsoho da gwangwani. Mun tambaye shi wurin wa ya zo, sai maimaita mai baƙi, mai baƙi ta Mama yake yi. Wani ya ce ya taɓa jin kalmar a bakinka.”

Ban ko rufe shagon ba. Na same shi tsaye a rana, ya rame, samari sun kewaye shi, ya rungume gwangwanin tumatir da wani reshe mai ganye kaɗan a ciki. Ya gaya mini da Sango an sare uwar bishiyar, amma ya yanki reshe ya dasa a bayan ɗakinsa, ya jira har ya tabbata ta kama.

Na ce, “Baba, a kan wannan ka sayar da ranka?”

Ya ce, “Shekaru nawa ina ci a ƙarƙashinta? Kai dai kai ni wurin Mama.”

Inna ta daɗe tana kallon gwangwanin. Ta murza ganye ɗaya ta shinshina, warin nan da nake ƙi. Sannan ta ɗaga kai ta dubi Baba mai hoto, ta dube ni, ta ce, “Mutum ya taho tun daga Miskine, ka bar shi tsaye? Shimfiɗa masa tabarma. Ina tukunyar nan?”

Ranar ta dafa shinkafa da miyar ganyen rogo, ta ci tare da mu har ta ƙara. Ni na raka shi har bakin unguwa kafin la'asar, ina ta yi masa singila, godiyar Sango, don ita ce ta fi zuwa mini baki. Har yau ina jin ban biya shi ba.

Reshen ya yi fure a cikin tsohon bokiti a ƙofar ɗakin. Malam-buɗe-littafi na farko da ya sauka a kansa ɗan ƙarami ne fari, ba wani abin kallo ba. Inna ta hana kowa wucewa ta wurin sai da ya gama ya tashi.