Dangwale Biyu a Yatsa Ɗaya

Daga Matameye

Muna sallame asuba na tada moto, wato babur ɗina. Yayana Idi tsohon soja ne, nakiya ta raba shi da hannuwa biyu can gabas, yana zaune wurina. Katin zaɓensa kuwa, kamar nawa, na ƙauyenmu ne, bayan Icirnawa. Na nemi a maido masa shi gari, aka ce in dawo gobe, har goben ta ƙare. Tunda ba ya iya riƙe ni, matata ta ɗaure mu da rawani ciki da baya. Ya ce ko jaki an fi mutunta shi. Na ce ya sauka mana.

Kance

Jandarma ya tsayar da mu, ya ga dungun, ya ƙame ya sara masa. Ni ko kallo ban samu ba. Muka sha koko da ƙosai, ina ba shi a baki yana mitar na cika sukari.

Ƙauye

Da hantsi muka isa lakwal, makarantar da ake zaɓen a cikinta, bayan rairayi ya kada mu har sau biyu. Shugaban runfar, wani malamin makaranta, ya ce ƙuri'a dangwale ce, dangwale kuwa sai da yatsa. Daga baya ya ce Yaya ya zaɓi wanda zai shiga da shi.

Duk ƙauyen an san ba jam'iyyarmu ɗaya ba. Mutuminsa ɓarawo ne, har gobe haka nake cewa. Amma ni ya nuna da haɓa.

Bayan labule ya ce, "Ka san inda za ka sa, Ƙarami."

Na sani. Na dangwala wa ɓarawon, ya duƙa ya duba da kyau.

Da muka fito za a shafa mini tawada, sai ya miƙa dungunsa na dama.

"Ni na yi zaɓe, Malam. Nan za ka sa."

Malamin ya shafa masa. Sannan na bi layi na yi nawa.

Gida

Mun iso bayan la'asar, mun gode Allah, mun gode wa malamin. Da dare na kawo ruwa zan wanke shi, ya ɗaga dungun sama, ya ce in wanke ko'ina ban da nan.