Yayana Tafinta da Jelar Turanci

A masana'antar abincin kaji inda nake ɗinke bakin buhu, ba wanda ke kiran yayana da sunansa na yanka. Tafinta ake ce masa, tun daga maigadi har direbobin manyan motoci. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ne babba, ni ce auta. Shi ya samo mini aikin, shi kuma ya samo wa maigidana nasa. Don haka in na faɗi sirrinsa kada a ce fitsara ce, shi da bakinsa ya riga ya tona shi a gaban kowa.

Karatun Yaya bai wuce firamare ba. Babanmu na rasuwa ya ajiye littafi ya ɗauki buhu, dako ya fara yi a masana'antar. Amma Yaya akwai ido. Injiniyan da ke kula da injuna a lokacin baƙo ne, tsoho, Hausa ko zo in kashe ka ba ya ji, ga shi mutum ne mai magana da hannu. In yana so a kunna sai ya murza yatsu ya ɗaga, in a kashe ne sai ya sare iska da tafin hannu, in a rage ne sai ya danna ƙasa kamar mai lallashin yaro. Sauran ma'aikata bakinsa suke kallo su rikice, Yaya kuwa hannun yake kallo. Tsoho na rufe baki sai Yaya ya juyo ya ce, "Cewa ya yi a kashe na biyu, a rage na ɗaya." A yi, kuma ya zama daidai. Da haka aka raba shi da buhu aka tsayar da shi gaban allon makunnai, inda maɓalli kore ke tada inji, ja ke kashewa.

Kai, Yaya ya ci zamaninsa! Riga a goge, biro a aljihu ko da ba abin da zai rubuta. A gidan suna ma sai ka ji ya jefa "yessa" a tsakiyar hira. Matarsa har gori take yi mini, wai ita Bature take aure. Ni ma na yarda, wa zai ƙi? A wurin aikinmu akwai wata muguwar ɗabi'a, ba mai cewa bai gane ba. Ko zaginka aka yi da Turanci sai ka ce "yessa", in mai maganar ya wuce ka lallaɓa wurin Tafinta ka tambaya. Shi kuma Tafinta ba shi da wanda zai lallaɓa wurinsa.

Sai tsoho ya yi ritaya. Wanda aka kawo a madadinsa matashi ne, shi ma ba ya jin Hausa, kuma ƙurar dusa na tada masa asma. Saboda haka a ofishin bene yake zama ya rufe ƙofa, ya rarraba wayar oba-oba: ɗaya ga maigadi, ɗaya ga mai sito, ɗaya ga direbobi, ɗaya ga Yaya. Abin da aka faɗa a ɗaya, duk sauran suna ji. Daga ranar murya kawai ke saukowa daga bene, babu hannu.

Yaya ya fara ramewa. Wata ranar hutu da hantsi ya zo gidana, ya tarar ina wanki, ya zauna a kan bokitin da na kife. Ko gaisuwar kirki bai yi ba ya ce, "Auta, na shiga uku."

Na ce, "Subhanallahi, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu tukuna," in ji shi. Wannan "tukuna" ita ta sa na tsayar da wankin.

Ya yi mini bayani a hankali, yana kallon kumfa. Wai kalmar aiki a Turanci da jela take tafiya. Kan kalmar yana ji sarai, ya san "turn", ya san "hold", ya san "shut". Amma ma'anar tana a 'yar ƙaramar kalmar da ke biye, su "on", "off", "up", "down", "out". Ka canza jela, aiki ya juye gaba ɗaya. Shi kuwa duk tsawon shekarun nan bai taɓa koyon jelar ba, a hannun tsoho yake karanta ta.

Na ce, "To yanzu yaya kake yi?"

Ya ce, "Canka nake yi."

Na saki rigar da ke hannuna cikin ruwa. Maigidana shi ne mai shiga tukunyar gauraya in ta cushe. Tukunyar ta fi ɗakin kwanana zurfi, a cikinta akwai fikafikan ƙarfe masu juya masara da dusa. Kuma mu ba ma sa kwaɗo a makunni in mutum ya shiga. Tun zamanin tsoho abin da ake cewa shi ne, "Tafinta na tsaye a wurin, ai shi ne kwaɗon."

Raina ya ɓaci, na manta da girman da ke tsakaninmu. Na ce, "Yaya, canka da ran uban 'ya'yana? Wallahi gobe ka hau bene ka faɗa masa gaskiya!"

Ya ce, "In ce me? In ce duk shekarun nan ƙarya nake yi? Su mayar da ni dako da furfurata? Ki rufa mini asiri, zan koya."

Na ja shi gidan makwabciyata, malama ce mai koyar da Turanci a sakandare. Ta karɓe shi da mutunci, ba ta yi dariya ba. A kicin ɗinta take koya masa da abin da ke gabanta, ta kunna risho ta faɗi kalmar, ta rage wuta ta faɗa, ta kashe ta faɗa. Yaya na amsawa tiryan-tiryan har ta fara yabonsa. Sai na lura da inda idonsa yake, na ce, "Malama, hannunki yake kallo. Juya shi bango." Tana juya shi, komai ya watse. Ta ce "hold on", ya ce a kunna, tunda ya ji jelar da ya sani ta kunnawa. Ta ce a'a, wannan jira ne. Ya dafe kai ya ce, "To wannan wane irin yare ne, jela ɗaya aiki goma?" Malama ta ce ba dabarar da ta wuce a haddace kowace kalma tare da jelarta kamar suna ɗaya, kuma abin na son lokaci.

Lokacin ne ba mu da shi. Yana zuwa darasi, yana ɗan gane wasu, amma a kicin ba ƙarar injin niƙa, kuma Malama ba ta magana da sauri cikin fushi. Ni kuwa kullum maigidana ya ɗauki shebur sai gabana ya faɗi. Na so in gaya masa, amma shi mutum ne mai baki, kafin azahar kowa ya ji. Na roƙe shi ya nemi canjin aiki, ya ce wai ko mafarki na yi.

Ranar da abin ya faru, motoci sun yi layi a waje suna jiran kaya, sai tukunya ta cushe da ɗanyar dusa. Aka kashe ta, maigidana ya hau tsani ya sauka ciki da sheburinsa. Injin niƙa na gefe bai tsaya ba, ƙararsa ta cika ko'ina. Daga inda nake ɗinki ina hango Yaya a gaban allo, oba-oba a hannun hagu. Sai na ga ya kai ta kunne. Ta mai sito da ke kusa da ni ma ta yi ƙara, muryar injiniya ce, da sauri, da faɗa. Ban ji abin da ya ce ba. Abin da na ji shi ne amsar Yaya, wadda ta fito da kanta kamar atishawa: "Yessa!"

Na ga hannunsa na dama ya tashi ya nufi koren maɓallin tukunya.

Na ƙwala ihu, "Yaya!" Ko ni ban ji muryata ba. Duk faɗin wurin nan mutum biyu ne kawai suka san Tafinta canka yake yi, ni da shi. Injiniya ya sake magana, ya ƙara ɗaga murya. Yatsan Yaya na kan maɓallin, ina ganin rigarsa ta manne da bayansa don gumi. Innalillahi kawai nake maimaitawa.

Sai ya janye hannun ya sa a aljihu. Ya danna oba-oba, ya yi magana da Hausa tsantsa: "Ranka ya daɗe, ban gane ba. Wallahi ban gane ba, kuma ban taɓa ganewa ba. Akwai mutum a cikin tukunya. A sauko a nuna mini da hannu."

Maigadi ya ji, mai sito ya ji, direbobi sun ji. Mai sito ya dube ni baki buɗe. Can sai ga kan maigidana ya leƙo daga tukunya, fari fat da dusa, yana tambaya wai me ya sa kowa ya tsaya.

Ba su kori Yaya ba, kuma ba su mayar da shi dako ba. Sito aka kai shi yana share ƙasa yana jera buhunan da babu komai a ciki. Aka sayo kwaɗo na gaske, yanzu mai shiga tukunya shi ke rufe makunni ya sa mabuɗin a aljihunsa. Sunan Tafinta bai bar shi ba, sai dai yanzu da dariya ake faɗinsa, shi kuma yana amsawa. Matarsa ta yi wata guda ba ta gaishe ni ba, kamar ni na aike shi.

Abin da injiniya ya faɗa ran nan ban taɓa bincika ba, ba na son sani. Amma shi Yaya na tambaye shi, wata rana da muka fito aiki muna jiran mota a bakin titi. Na ce, "Yaya, tsakaninka da Allah, me ka canka?"

Ya juya yana kallon titi. Sannan ya ce, "Kunna na canka, Auta. Har na fara dannawa."