Ƙusar Malam Bawa

Damina tara ke nan da muka kai yayana Malam Bawa makwancinsa a Tsafe, amma har yau in na ga galan ɗin maganin feshin auduga, shi nake fara tunawa. Duba-gari ne, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba, Allah Ya jiƙansa.

A wancan lokacin, in manomi ya gama feshi sai ya wanke galan da toka, ya mai da shi na ruwan sha a gona, mata kuma su zuba mai ko nono. Bawa ya yi magana har bakinsa ya bushe, yana cewa dafin a jikin robar yake, wanki ba ya fitar da shi. Da ya ga an yi kunnen uwar shegu da shi, sai ya samo doguwar ƙusa ya jefa a aljihu. Daga kasuwar Tsafe har Bilbis, duk galan ɗin da ya gani sai ya huda gindinsa. An zage shi, an kai ƙararsa wurin mai gari, bai fasa ba.

Ni kaina na ɓoye guda a bayan rumbu, ina cewa ai ba shi ya saya mini ba. Ranar da 'yata Hauwa ta sha ruwa a ciki muna ɗibar auduga, ta faɗi tana amai, yawu yana dalala, shi ya ɗauke ta a babur zuwa asibiti a Gusau. Kwana uku ba mu san ko za ta tashi ba. Bai yi mini gori ba. Da ta buɗe ido, sai ya miƙo mini ƙusar ya ce, "Tahi ka huda abinka da kanka." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Yanzu Gusau ta zama babban birnin jiha, ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga leda ta toshe magudanan ruwa, shanu suna haɗiyarta suna mutuwa, wasu kuma suna zuba wannan maganin a gulbi don kama kifi. Na san ba tagumi zai yi ba. Zai sake neman abin da zai jefa a aljihu, a sake zaginsa, daga baya a gane.

Ina da dalilin faɗin haka. Makon jiya na je Bungudu, inda Hauwa take aure. Mijinta ya tare ni yana dariya, ya ce, "Baba, ɗiyakka ba ta barin galan da gindi a gidan ga, har na maƙwabta ta hude."

Na leƙa ciki na same ta a gaban randa, tana ba ɗanta ruwa da moɗa. Sunan yaron Bawa.