Ranar da Na Shigo Gida da Kaki

Ɗakin da ke saman benenmu a unguwar Hindawiyya ta Makka bai taɓa yin wata guda babu kowa a ciki ba. Ummata ce ke cika shi. Duk wanda ta tsinta ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa, sai ta jawo mana shi. Ni kuwa sai mita, don ni ke hawa da katifa, ni ke saukowa da ita. Mitar tawa ba ta taɓa hana komai ba.

Wadda ta fi daɗewa wata dattijuwa ce daga ƙasar Zamfara, muna ce mata Inna. Umra ta zo. Ana saura kwana uku su koma aka bugo mata waya cewa 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu, ba wanda ya san inda 'ya'yanta suka nufa. Jirgi ya tashi babu ita. Umma ta same ta a unguwar Misfala tana kwana a kan kwali, ta riƙo hannunta har gida.

Inna ba ta leƙa ko bakin ƙofa, saboda tsoron 'yan jawazat masu kamen marasa takarda. In suka kama ta, mayar da ita za su yi inda babu kowa nata. Sai ta ƙwace mana kicin. Ita ta raba ni da shinkafar kullum, ta maida ni mayen tuwo. Hausata kuwa dariya take ba ta, wai rabinta Larabci ne, rabin kuma kame-kame. Ina son tsohuwar nan ƙwarai, ko da yake ban taɓa gaya mata ba.

Da na samu aikin gadi a wani kanti a unguwar Zahir, aka ba ni kaki da hula da takalmi mai nauyi. Ranar farko na dawo da azahar ina ji da kaina. A kan matakala wauta ta kama ni. Na daki ƙofarmu da ƙarfi, na buɗe murya na ce a buɗe da Larabci, "Iftah! Jawazat!"

Umma ta buɗe, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ya majnun, mahaukaci, kai ne?" Ina cikin dariya na hango tukunya a kan wuta, muciya a ƙasa. Babu Inna.

Mun duba ɗakinta, mun duba banɗaki, na zaga lunguna har titi ina tambaya, mutane na ganin kakina suna kaucewa. Sai bayan la'asar Umma ta gano ta can kan rufin bene, ta cusa kanta tsakanin tankin ruwa da bango. Takalmanta na hannunta, ta cire su don kada a ji tafiyarta. Duk wanda ya san simintin Makka da rana ya san abin da ya yi wa tafin ƙafarta.

Ta ɗago ido ta gan ni. "Ashe kai na, ɗan ga," ta ce. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Asibiti ba ya yiwuwa ga marar takarda, don haka Umma ce ta yi jinyar. Mako guda Inna ba ta sauko ba, ni kuma kunya ta hana ni hawa. Na ce wa Umma zan mayar wa masu kanti da kayansu. Ta ce, "Halas, ya isa, ka yi ɓarna ɗaya, kada ka ƙara ta biyu."

Rana ta takwas Inna ta aiko a kira ni, wai in zo da tufafin a jikina. Na tsaya a ƙofa kamar mai jiran hukunci. Ta daɗe tana kallona.

"Wanda ya gane ka cikin tufan ga, shina tsai da tsohuwar da ka biye da kai?"

Na san sarai kakin gadin kanti ba ya hana kowa komai. Na ce, "Ba zai tsayar ba, Inna."

"To. Wata goma sha ɗaya ina hangen agogon Harami daga nan, ban ga Ɗakin Allah ba. Gobe ka kai ni."

Da sanyin safiya muka fita. Tana ɗingishi a bayana, ta damƙe bakin rigata, ni kuma ina tafe ina muzurai, ina satar kallon duk motar da ta wuce. A haka muka isa. Muna shiga ƙofar masallaci ta saki rigar, ta wuce gabana da ƙafafunta masu ciwo, sai da na haɗa da sauri kafin in cim mata.