Manzo Planto da Ɗakin Kwanon Kadidiya

Da hantsi, duk wanda ya bi ta gaban biron lanho na Tawa, wato ofishin haraji, zai ga Manzo zaune kan bencinsa a inuwar bishiyar bedi, hularsa a gwiwa, yana kallon raƙuman da ke gangarowa kasuwa kamar shi ma da su ya zo. Shi ne planton biron, wato ɗan aike, tun zamanin Nasara. Ya kai saƙo, ya kira mutane, ya fassara musu maganar haraji. Tafiyarsa a hankali take, har mukan tsokane shi cewa ko gobara aka aike shi kira sai ya tsaya gaisuwa. Bana zai ajiye aiki, kuma ni dai zuciyata ba ta so.

Bayan samun 'yanci manyan motoci suka yawaita, asurans ya biyo su, wato inshora. Manzo yakan bayyana shi yadda ya ji a biro. Idan kayan ɗan kasuwa suka ƙone kamfani ya biya, kuɗin sun koma cikin cinikinsa, haraji zai dube su. Idan kuwa rai aka biya, ko ƙafa, ko hannu, gwamnati ba ta taɓawa. Kowa a biro ya san wannan. Wuyar ita ce a samu Ba'adare, mutumin ƙasarmu, ya buɗe baki ya faɗi wane iri ya karɓa.

Kadidiya maƙwabciyata ce, mai toya waina. Mijinta Attahir direba ne, motarsu ta kife a hanyar Ƙwanni, bai tashi ba. Kamfani ya biya diyya, ita kuma ta kasa sayen ko tsabar gero da kuɗin, don tana jin kamar shi za ta ci. Sai ta gina ɗaki mai rufin kwano, ita da ɗiyarta Huseina. Da masu ƙidayar haraji suka zo suka tambayi inda ta samu, kunya ta rufe ta. Matar kirki a nan ba ta kiran sunan mijinta, balle ta ce an biya ta kuɗin mutuwarsa. Ta sunkuyar da kai ta ce ciniki ta yi. Suka rubuta abin da suka ji, aka sa ta cikin manyan 'yan kasuwa, aka ɗora mata harajin da sai ta kware kwanon ta sayar kafin ta biya.

Kai ne, Manzo, aka aika ka kira ta. Ka san asalin kuɗin, amma tun da da bakinta ta faɗa, da bakinta kaɗai za a gyara. Ba ka kira ta ba. Kullum la'asar sai ka zo ka zauna a ƙofarta, ka sayi waina, ka yi zancen gero da tsadar gishiri, ka tashi. Ni kaina na fara jin haushinka, don wa'adin biyan harajin yana ƙaratowa kana ta hira.

Ranar da ruwan farko ya sauka ina wurin. Muka fake a ɗakin, ruwa yana kiɗa a kan kwano, ƙamshin ƙasa ya cika ko'ina. Kadidiya tana kallon sama. Manzo ya ce, "Ɗiyata, wa ka rufe ku daga ruwan ga?"

Ta ce, "Baba, kai ma ka sani."

"Na sani. Amma su can ba su sani ba. Ba sai kin hwaɗi suna nai ba. Ki hwaɗi yadda kike kiran shi cikin gida, ni in kai sauran."

Da safe suka tafi tare, na bi su. Komi, wato magatakardan biro, ya sake tambayarta da ladabi inda ta samu kuɗin gini. Ta ce, "Ba ciniki ba na. Uban Huseina na anka biya."

Manzo ya fassara. Komi ya soke harajin nan take.

Manzo, mai tafiya sannu, mun gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi a gonarka ta Kalfu, ya sa ka ci gero mai yawa da haƙoranka. Ku kuma samarin da za ku gaji bencinsa, za a ci gaba da kawo muku mutane da kuɗin asurans a ƙulle cikin zane, kuma da yawansu ƙarya za su fara yi muku, don kunya. Kafin ku tambaye su nawa suka samu, ku zauna tukuna ku ji wa suka rasa.